Tsiron hamada mai ɓoye ƙayarsa

Ya kai mai karatu, yau za mu tafi nesa, har ƙasar Amurka. A kudu maso yammacinta akwai hamada da ake kira Mohabe. Ta ratsa jihohin Kalifoniya, Nebada, Arizona da Yuta. Ruwan da ake samu can a shekara galibi ba ya kai milimetir 250, kuma yawancinsa lokacin sanyi yake zuwa.

Cikin tsirran wannan hamada akwai dangin da ake ce wa kaktus. Ɗaya daga cikinsu mutanen can suna kiransa "wutsiyar bifa". Bifa dabbar ruwa ce, kamar ƙatuwar gafiya, mai wutsiya faffaɗa. Masana kuwa suna ce masa Opuntia basilaris, sunan da Engelmann da Bigelow suka raɗa masa a 1856. Kada ka haɗa shi da aguwa ko tinya namu. Su in ka karya su, farin ruwa kamar nono ke fita. Shi ba shi da nono.

Yaya ake gane shi? Ba ya tashi sama. Tsawonsa da wuya ya wuce gwiwar mutum, sai dai ya bazu a ƙasa, tsibi guda. Jikinsa falle-falle ne, kowane falle kamar tafin hannun babban mutum, sama da faɗi, ƙasa a tsuke. Launinsa toka-toka ne mai shuɗi-shuɗi. In fari ko sanyi ya matsa masa, sai ya koma shunayya, fatarsa ta yamutse. Waɗannan fallaye ba ganye ba ne, rassansa ne, kuma cikinsu yake ajiye ruwa. Da rana ƙofofin numfashinsa a rufe suke, sai dare yake buɗe su, don kada zafi ya shanye ruwan.

To, ga inda ake son ka natsu. Ƴan'uwansa da yawa suna da dogayen ƙayoyi, kowa ya gani ya kauce. Shi kuwa galibi ba shi da su. Baƙo ya gan shi sumul, sai ya miƙa hannu. Alhali a jikin kowane falle akwai ɗigo-ɗigo masu launin ƙasa, jere da jere. Kowane ɗigo cike yake da ƙananan ƙayoyi, sirara kamar gashi. Ka san ƙaiƙayin gero ranar sussuka? Wannan ya fi shi mugunta, domin kowace ƙaya tana da ƴan haƙora masu kallon baya, kamar ƙugiya. Shiga da sauƙi, fita da wuya. Wanda suka kama kada ya sosa, kada ya cire da haƙori, kada ya taɓa ido. A sa matsefata a tsince su cikin haske. Sauran kuma a shafa danƙo mai liƙi, a bari ya bushe, a ɓare.

Mai son kallonsa ya je tsakanin watan Maris da Yuni. Lokacin ne yake fure a bakin fallaye na sama, fure babba, ja mai ruwan hoda, wanda ake hange daga nesa a kan tsakuwa da gangaren duwatsu. In ka tsuguna gefe ka yi shiru, za ka ga ƙudan zuman daji suna kutsawa cikin furen, suna fitowa da gari a jiki. Bayan fure sai ƴaƴa. In sun nuna bushewa suke yi, su yi toka-toka, da iri a ciki.

Mutanen Kahuwila, waɗanda ke zaune a hamadar Kalifoniya tun kafin zuwan Turawa, sun san maganin ƙayar. Sukan tsinki tohon furen da ɗanyun fallaye, su murza su cikin rairayi har ƙayar ta kakkaɓe, sannan su dafa, ko su turara su cikin rami da duwatsu masu zafi.