Yadda ake koyon rubuta umarni ta hanyar hotuna

Rubutun umarni shi ne rubutun da yake gaya wa mutum yadda zai yi wani aiki, daga farko har ƙarshe. Irinsa ne kuke gani a jikin kwalin magani ko buhun iri. Ana koya wa ɗaliban koleji da lise wannan rubutu, kuma ku ma da kuke cibiyar yaƙi da jahilci za ku iya koyonsa. Hanya mafi sauƙi ita ce a fara da hoto.

Mu ɗauki aikin da mutanen Tajaye suka sani, wato haƙar tassa. A shekarar 1989 wasu manoman yankin Illela suka ziyarci Yatenga a ƙasar Burkina Faso, da taimakon wani shiri na asusun FIDA. A can suka ga yadda ake gyara fako da ƙananan ramuka masu taki. Da idanunsu suka koya. Amma wanda bai je ba, kuma babu mai nuna masa, sai takarda ta yi masa jagora.

Yadda za ku yi

Ku samu hotuna 5, ko na wayar salula ko zane a kan allo: mutum yana haƙa rami, yana tara ƙasa a gefensa, yana zuba taki, ruwan sama ya kwanta a ramin, sannan yana shuka gero. Ku gauraya su, ku ba ɗalibi ya jera su yadda aikin yake tafiya. Kada ya rubuta komai tukuna. Idan ya sa shuka kafin taki, a nan za a gyara, tun alƙalami bai taɓa takarda ba.

Bayan haka, kowane hoto a rubuta masa jimla ɗaya, mai aiki ɗaya: "A haƙa rami." "A zuba taki." Ku haɗa jimlolin da kalmomin da suke nuna jeri: da farko, sannan, bayan haka, daga ƙarshe.

Abin da hoto ba ya faɗa

A nan ne aikin yake. Hoto ya nuna rami, amma bai faɗi zurfinsa ba. Ya nuna tarin ƙasa, amma bai ce a wane gefe ba. Bai kuma faɗi lokaci ba. Ku tambayi ɗalibi: nawa? ina? yaushe? Amsoshin su ne za su cika rubutun:

"Da rani, a haƙa rami mai faɗin santimita 20 zuwa 30, zurfinsa kamar taƙi ɗaya. A tara ƙasar ta gefen gangare domin ta tare ruwa. A zuba taki cikin hannu ɗaya ko biyu. A bar kamar taku ɗaya tsakanin rami da rami. Idan ruwa ya sauka sosai, a shuka."

Ku lura da kalmomin taƙi da taki. Lanƙwasar kan harafi ce kawai ta raba su: ɗaya awo ne na yatsu, ɗaya abincin ƙasa. Wanda ya manta da ita ya rikita mai karatu. Haka kuma wanda ya manta da kalmar gangare: manomi zai tara ƙasa ta sama, ta hana ruwa shiga ramin, wahalar rani ta tafi a banza.

Gwaji

Ku ɓoye hotunan. Ku miƙa takardar ga wanda bai taɓa haƙa tassa ba, ya karanta ya yi rami ɗaya a bayan aji. Marubucin ya tsaya yana kallo, kada ya ce uffan. Duk inda mai haƙar ya tsaya ya yi tambaya, a sa alama a wurin, a koma a ƙara abin da ya rage.