Gidan Hohenzollern: Yadda Soja Ya Ɗaga Sarauta, Ya Kuma Sauke Ta

A watan Mayun 2025 aka sanar da sulhu tsakanin hukumomin Jamus da zuri'ar Hohenzollern kan dubban kayan tarihi na fadojin Berlin da Potsdam: za a danƙa su ga wata gidauniya, su ci gaba da zama inda jama'a ke kallonsu. Wanda ya tsaya kan zane-zane da kayan ado zai ɗauka cewa son fasaha ne ya ɗaukaka waɗannan sarakuna. Abin da ya kai su gadon mulkin Jamus shi ne runduna, da harajin da aka ƙirƙiro domin ciyar da ita.

An fara ambaton sunan gidan a rubuce a 1061, lokacin da suke ƙananan masu sarauta a yankin Swabia na kudu. Wani reshe ya samu riƙon Nuremberg, sannan a 1415 Sarki Sigismund ya ba Friedrich na Shida ƙasar Brandenburg. Ƙasa ce mai rairayi, ba ta da dutse ko babban teku da zai tare mata maƙiyi. A 1618 suka gaji Prussia, can gabas mai nisa, ga kuma wasu guntayen ƙasashe a yammacin Jamus. Yaƙin Shekara Talatin, daga 1618 zuwa 1648, ya nuna musu haɗarin mulkin ƙasa a warwatse: rundunonin Suwidin da na sarkin daular da Brandenburg ke ƙarƙashinta suka yi ta ratsa ƙasar suna kwasar abinci, ba mai hana su.

Friedrich Wilhelm, wanda ya hau mulki a 1640, shi ne ya ɗauki darasin. A 1653 ya ƙulla ciniki da manyan masu gonaki da ake kira Junker: su amince masa da kuɗin riƙe sojoji na dindindin, shi kuma ya tabbatar musu da ikonsu a kan manoman da ke ɗaure da gonakinsu. Talaka ne ya biya kuɗin wannan ciniki ta fuska biyu. Ofisoshin da aka kafa don tara kuɗin yaƙi suka zama gwamnati, 'ya'yan Junker suka zama hafsoshi. A 1675 rundunar ta kori Suwidin a Fehrbellin. Shi ne kuma ya sa aka gina ganuwar Gross Friedrichsburg a gaɓar Ghana ta yau a 1683, inda aka yi cinikin bayi, kafin jikansa ya sayar wa 'yan Holan.

Jikan nan, Friedrich Wilhelm na Ɗaya, ya kai lamarin matuƙa. Mahaifinsa ya naɗa wa kansa kambun sarauta a Königsberg a 1701, ya kashe dukiya wajen shagulgulan fada. Ɗan ya rage almubazzaranci, ya ninka sojoji zuwa kimanin 80,000 kafin rasuwarsa a 1740, ya kuma raba ƙasar gunduma-gunduma a 1733 ta yadda kowane rukunin soja ke da ƙauyukan da yake ɗiban samari. Mafi yawan kuɗin baitulmali a kan soja yake ƙarewa. Bai cika fita yaƙi ba, amma magajinsa Friedrich na Biyu ya tarar da takobi a wase, kuma a shekarar da ya hau mulki ya faɗa wa Silesia ya ƙwace ta daga Ostiriya. Daga nan gidan ya saba da warware matsala ta hanyar kai hari tun kafin abokin gaba ya shirya.

Akwai masana da ke jingina nasarar ga sa'a da haƙuri da bambancin addini, kuma ba su rasa hujja ba. Dokar Potsdam ta 1685 ta jawo 'yan Furotesta kusan 20,000 da suka gudo daga Faransa, suka zo da sana'o'i. Mutuwar Sarauniya Elizabeth ta Rasha a 1762 ce ta ceci Friedrich na Biyu daga halaka a yaƙin da yake yi da ƙasarta da ƙawayenta. Taron Vienna na 1815 ya ba Prussia yankin Rhine da Westphalia, inda gawayin Ruhr yake. Sai dai an ba ta yankin ne domin tana da rundunar da za ta tsare iyaka da Faransa, kuma da Friedrich ba shi da sojojin da suka jure shekara shida ana gwabzawa, da mutuwar sarauniyar ba ta amfane shi ba.

A 1862, da majalisa ta ƙi amincewa da kuɗin faɗaɗa runduna, Sarkin Prussia Wilhelm na Ɗaya ya ɗauko Bismarck ya shugabanci gwamnati, wanda ya ci gaba da karɓar haraji ba tare da kasafin da majalisa ta yarda da shi ba. Yaƙe-yaƙe uku, da Denmark a 1864, da Ostiriya a 1866, da Faransa a 1870, suka kai ga naɗa Wilhelm sarkin sarakunan Jamus a Versailles ranar 18 ga Janairun 1871. Sabuwar daular ta gaji cutar Prussia: hafsoshi ga sarki suke yin mubaya'a, majalisa ba ta da ta cewa a kan umarninsu. Muddin akwai mai linzami irin Bismarck, tsarin na tafiya. Wilhelm na Biyu ya sallame shi a 1890, kuma daga 1916, ana tsakiyar yaƙin duniya na farko, manyan hafsoshi Hindenburg da Ludendorff ne ke juya ƙasar, sarki yana gefe. A Nuwamban 1918 Janar Groener ya shaida masa cewa runduna ba ta tare da shi. Ranar 9 ga watan aka sanar da saukarsa, washegari ya tsallaka Holan, inda ya rasu a 1941.

Ɗansa, Yarima Wilhelm, ya nemi dawo da sarautar ta hannun masu kaki na wani salo: ya fito fili ya goyi bayan Hitler a zaɓen shugaban ƙasa na 1932, ya kuma halarci bikin da gwamnatin Hitler ta shirya a Potsdam ranar 21 ga Maris 1933. Hitler ya ci moriyar sunan gidan, bai mayar da kowa kan karaga ba. Ranar 25 ga Fabrairun 1947 ƙasashen da suka ci Jamus da yaƙi suka soke ƙasar Prussia da doka, suna masu kafa hujja da cewa ita ce matattarar aƙidar mulkin soja a Jamus.