SARFU DA NAHAWU A ƘOFAR MAKARANTAR JINYA

Ya ke 'yar'uwa ɗaliba mai burin zama nas ko unguwar zoma, filin wannan fitowa naki ne. Kai ma ɗan'uwa kada ka wuce, maganar ta shafe ka. Na fuskanci 'yan mata ne saboda kowa ya san yadda iyayenmu mata suke son su tarar da mace 'yar'uwarsu a ɗakin awo da ɗakin haihuwa.

Sau da yawa ɗaliba takan buɗe littafin shirin jarrabawa, ta ci karo da kalma irin gastroenteritis, ta ƙirga haruffanta ta ga 15 cif, sai gabanta ya faɗi, ta rufe littafin ta ce wannan karatu ba nata ba ne. To, ki kwantar da hankalinki. Duk wadda ta zauna gaban malami ta koyi sarfu da nahawu, ta riga ta riƙe mabuɗin wannan ƙofa, sai dai ba a nuna mata ramin kwaɗon ba. Shi nake so in nuna miki yau.

ABIN DA AKE NEMA GARE KI

Hukumar da ke kula da aikin jinya da unguwar zoma a Najeriya, wadda dokar 1979 ta kafa, ita ke yi wa duk wata nas rajista. Kafin ki kai can, makarantun jinya suna neman kiredit biyar a jarrabawar gama sakandare: Turanci, Lissafi, Bayoloji, Kemistiri da Fizis, a zama ɗaya ko biyu. Makarantu da yawa kuma suna neman sakamakon JAMB, sannan su yi nasu gwajin na tantancewa. A jarrabawar JAMB, wadda ake yi a kwamfuta, Turanci dole ne ga kowa, kuma shi ya fi yawan tambayoyi: guda 60, alhali sauran darussa uku kowanne 40. Su ma waɗannan ukun da Turanci ake tambayarsu. Ke nan wadda ba ta gane tambaya ba, ko ta san amsa ba ta da hanyar ba da ita.

YADDA AKE GINA KALMAR ASIBITI

Ki tuna darasin sarfu. Daga baƙaƙe uku, kaf da ta da ba, aka fitar da kataba, da katib, da maktub, da kitab, da maktab. Wadda ta san saiwar, ko ba ta taɓa jin kalmar ba za ta ce wannan dangin rubutu ne. Hausa ma haka take: daga karatu muka samu makaranta da makaranci.

Kalmomin likitanci haka aka gina su, sai dai yawancin saiwoyinsu daga harshen Girkanci da Latin aka ɗauko. Kowace doguwar kalma takan rabu gida biyu ko uku: saiwa a tsakiya, wadda ke nuna gaɓar jiki, ɗafa-ƙeya a ƙarshe, mai faɗin abin da ya sami gaɓar, wani lokaci kuma da ɗafa-goshi a farko, mai nuna yawa ko ƙaranci ko wuri.

Ga saiwoyi goma da ya kamata ki haddace kamar yadda kika haddace huruful jarri:

1. cardi: zuciya
2. hepat: hanta
3. nephr ko ren: ƙoda
4. gastr: ciki, wato jakar abinci
5. enter: hanji
6. pneum ko pulmon: huhu
7. derm: fata
8. oste: ƙashi
9. arthr: gaɓa, wato mahaɗar ƙasusuwa
10. haem: jini

Kada ki yi mamakin ganin ƙoda da huhu da suna bibbiyu. Ɗaya na Girkanci ne ɗaya na Latin, kamar dai yadda muke cewa sati mu kuma ce mako.

Ga kuma ɗafa-ƙeya guda bakwai:

1. itis: kumburi
2. algia: zafi ko ciwo
3. aemia: halin da jini ke ciki
4. uria: halin da fitsari ke ciki
5. ectomy: yankewa a cire
6. otomy: tsagawa a buɗe, ba tare da cirewa ba
7. logy: ilmin abu

Dabarar ita ce ki fara karanta kalmar daga ƙeya, sannan ki dawo farko. Mu koma kan waccan da ta tsorata ki. Ƙeyarta itis, kumburi. Kumburin me? Gastr, ciki, enter, hanji. Kumburin ciki da hanji ke nan, abin da ke kawo amai da gudawa. Shi ke nan, dodon ya zama kyanwa! Yanzu gwada da kanki: hepatitis kumburin hanta, arthritis kumburin gaɓoɓi, haematuria jini a cikin fitsari, nephrectomy cire ƙoda, cardiology ilmin zuciya. Shi kuwa meningitis, kumburin tantanin da ya lulluɓe ƙwaƙwalwa da laka ne, wato sanƙarau, wanda annobarsa ta 1996 ta kashe dubban mutane a arewacin Najeriya. Tambayi iyayenki, ba su manta ba.

HARUFFA BIYU, RAI GUDA

A nan ne nake so ki tattara hankalinki wuri ɗaya. Akwai ɗafa-goshi biyu masu kama da juna kamar Hassana da Usaina, amma ma'anarsu hannun riga ce: hyper yawa ne fiye da ƙima, hypo kuwa ƙaranci. Hypertension shi ne hawan jini, lokacin da awo ya riƙa kai 140 bisa 90 ko ya wuce. Hypotension kuwa faɗuwar awon ne ƙasa da yadda ya kamata.

Ɗauki misalin mai ciwon sukari. In sukarin jininsa ya yi yawa, sunan abin hyperglycaemia, kuma akan yi masa allurar insulin don ya sauka. In kuwa sukarin ya faɗi, sunansa hypoglycaemia: mutum ya kama gumi da makyarkyata, ya ruɗe, har ya suma, kuma sukari yake bukata nan take. To, me kike gani zai faru in nas ta karanta takarda da gaggawa, ta ɗauki hypo a matsayin hyper, ta ɗirka masa insulin? A ɗakin jarrabawa wannan kuskure maki ɗaya zai ci miki. A gefen gadon majiyyaci kuwa, rai ne. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne, in ji Bahaushe.

Akwai wasu tagwayen irinsu. Zuciyar baligi mai lafiya tana bugawa sau 60 zuwa 100 a minti ɗaya in yana hutawa. In ta wuce 100, tachycardia ke nan, don tachy sauri ne. In ta gaza 60, bradycardia, don brady nawa ce. Ante kafin ne, shi ya sa ake kiran awon ciki antenatal. Anti kuwa mai yaƙi da abu ne, kamar antibiotic. Post bayan abu ne. Dys wahala ce: dysuria wahalar fitsari. Harafin a ko an a goshin kalma yana kore ta, kamar la a Larabci.

Sai dai in gargaɗe ki, ba kowace kalma ke bin ƙa'ida sak ba. Anaemia in an fassara ta kai tsaye rashin jini ce, amma abin da ake nufi ƙarancinsa. Malaria kuwa daga Italiyanci take, ma'anarta muguwar iska, don mutanen da sun zaci iskar fadama ke kawo zazzaɓin. Sai a 1897 Ronald Ross ya gano ƙwayar cutar a cikin sauro, amma sunan ya riga ya zauna. Saboda haka ki tsaga kalma tukun, sannan ki duba ƙamus ki tabbatar.

Haka nan ki lura da jam'insu, don irin jam'ut taksiri ne, ba a ƙara musu s kawai: bacterium ɗaya, bacteria da yawa, vertebra, vertebrae, diagnosis, diagnoses, ovum, ova, fungus, fungi.

WURARE SHIDA DA BAHAUSHE KE TUNTUƁE A NAHAWUN TURANCI

Yawancin kurakuranmu ba na rashin ƙwaƙwalwa ba ne. Da Hausa muke tunani, sannan mu sa wa tunanin rigar Turanci. In kin san ramukan, sai ki tsallake.

Na ɗaya, dacewar fi'ili da fa'ili. Harafin s a ƙeyar suna jam'i yake nunawa, amma a ƙeyar aikatau tilo yake nunawa. Ana cewa "The patient coughs", amma "The patients cough". Masu shirya jarrabawa suna son ɗana tarko a nan, su nisanta fa'ili da fi'ilinsa: "The box of syringes is empty". Me ya sa aka ce is, ga syringes jam'i kusa da shi? Yi li'irabi mana! Akwatin ne ake ba da labarinsa, sirinjojin kamar mudafun ilaihi suke. Haka each da every kullum tilo suke ɗauka: "Each of the nurses has a watch".

Na biyu, ma'arifa da nakira. The aikin alif da lam take yi, kamar bambancin yaro da yaron. A da an kuwa nakira ne. Zaɓi tsakaninsu da kunne ake yi, ba da ido ba: "an hour" don ba a furta h ɗin, "an X-ray" don da sautin wasali ya fara, amma "a uniform" don da sautin y ya fara.

Na uku, lokaci. Mukan ce tun Litinin take fama da zazzaɓi, sai ɗaliba ta rubuta "She is ill since Monday". Kuskure ne. Daidai shi ne "She has been ill since Monday". Since ranar farawa take bi, for kuwa tsawon lokaci: "for three days". Kuma bayan did aikatau yakan koma asalinsa: "He did not come", ba came ba.

Na huɗu, sunayen da ba a ƙirgawa. Mu muna da shawarwari da bayanai da kayayyaki, amma Bature ba ya jam'inta advice, information da equipment. In ɗaya ake nufi sai a ce "a piece of advice".

Na biyar, wakilin suna. A Hausa kowane suna ko namiji ne ko mace: allura ta karye, magani ya ƙare. Turanci yana da na uku, it, na abin da ba mutum ba. Kada ki kira allura she.

Na shida, kalmomin sha da ji. Mu muna shan ruwa, mu sha ƙwaya, amma a Turanci "take a tablet" ake cewa, drink na ruwa-ruwa ne. Muna jin magana, mu ji zafi, mu ji wari. Su kuwa sun raba uku: hear, feel, smell. Wadda ta rubuta "I hear pain" ta fassara Hausa ne kawai.

Bugu da ƙari, rahoton asibiti yana yawan amfani da abin da kika sani da sunan fi'ili majhuli, inda ake ɓoye mai aikin. An ba da maganin da ƙarfe takwas: "The drug was given at eight". Ki lura given aka ce, ba gave ba. Saboda haka ki haddace sifofin aikatau uku-uku: give, gave, given, take, took, taken, bleed, bled, bled.

HARSHE DA ALƘALAMI

Harshenmu bai raba p da f ba, kuma ba mu da v. Shi ya sa pill, ƙwayar magani, kan zama fill, cikawa. Vowel, wasali, ya zama bowel, hanji. Jarrabawar Turanci tana da sashen furuci, don haka ki tsaya gaban madubi: p leɓɓa biyu ke haɗuwa su fashe, f da v kuwa haƙoran sama ne ke taɓa leɓen ƙasa. Wadda ta iya fitar da ladi da ainu daga mafitarsu a darasin tajwidi, wannan ba zai gagare ta ba. Ki sani kuma ph kamar f ake furta shi, kamar a pharmacy, sannan p ɗin farkon pneumonia bebe ne, ana rubuta shi ba a furtawa. Wajen rubutu kuwa, Ingila na rubuta anaemia da diarrhoea, Amurka na rubuta anemia da diarrhea. Mu na Ingila muka gada a makarantunmu, ki tsaya a kansa kada ki gauraya.

GWADA KANKI

Rufe amsar da hannu tukun.

1. Mene ne dermatitis?
2. Mene ne bambancin gastrectomy da gastrotomy?
3. Me ake nufi da hypothermia, in therm zafi ne?
4. Gyara: "The list of patients are on the table".
5. Gyara: "She gave me many advices".

Amsa: na ɗaya, kumburin fata. Na biyu, na farko cire jakar abinci ko wani sashenta, na biyu tsaga ta. Na uku, faɗuwar zafin jiki ƙasa da ƙima. Na mai lafiya yana wajen digiri 37 a ma'aunin Salshiyos. Na huɗu, is za a sa a madadin are, don list tilo ne. Na biyar, "She gave me a lot of advice".

Daga ƙarshe, ga shawarata. Ki sami ƙaramin littafin rubutu, kullum bayan sallar asuba ki rubuta saiwa uku da jimla uku, ki maimaita na jiya kafin ki ɗora na yau, kamar yadda kike tilawa. A wata ɗaya kin tara saiwoyi 90. Ki nemi ƙawa ku riƙa yi wa juna tambaya, ku kuma nemi tsoffin takardun jarrabawa ku gwada kanku da agogo. In kwalin magani ya shigo gidanku, ki zare takardar da ke ciki ki tsattsaga kalmominta. Abin da ya shige miki duhu ki kai wa malamin Turanci ko wata nas ta unguwarku, matambayi ba ya ɓata. Da yayyafi kogi kan cika.

Allah Ya ba ki sa'a, Ya sa hannunki ya zama sanadin sauƙi ga marasa lafiya. Wassalamu alaikum.