Shaidu Goma Ko Shaida Ɗaya?

Ran nan da la'asar ina zaune ƙofar gida a Mafoni, sai ga wani ɗalibinmu da takarda. Ya jera manyan garuruwan Arewa, ya yi wa kowane ɗigo gwargwadon girman kasuwarsa da yawan sarautun fadarsa, sa'an nan ya ja layi ta tsakiyar ɗigogin. Layin kuwa ya hau sama sosai. Ya ce, "Malam, ka gani, ciniki ke haifar da sarauta."

To, wannan dabara ta jan layi tana da amfani ƙwarai. Wani Bature, Francis Galton, ya yi aiki da ita a 1886, ya gwada tsawon iyaye da na 'ya'yansu. Amma tana da sharaɗi: lalle kowane ɗigo ya zama shaida mai zaman kansa.

Galton ɗin nan shi ya fara jan kunne. Edward Tylor ya gwada al'adun aure na kabilu wajen 350, aka buga aikin a Ingila a 1889. Galton ya ce ai kabilu suna aron al'ada wurin maƙwabta, wasu kuma kakansu ɗaya. Yaya za a ƙirga su dabam dabam?

Na ce wa ɗalibin ya duba sarautun da ya ƙirga. Galadima, Ciroma, Yarima, duk daga nan Barno suka tafi ƙasar Hausa. Galadiman Barno a Nguru ya zauna. Watau in ka sami Galadima a Kano da Katsina da Zazzau, ba shaidu uku ka samu ba, reshe uku ne na itace ɗaya. Hanyar fatake da ta kai kaya ita ta kai sarauta, layi kuwa ba ya iya faɗin wannan. Sai tarihi.

Ku da za ku fita koyarwa kun san misalinsa. Yara goma sun kawo amsa iri ɗaya, ashe tara wurin ɗaya suka kwafa. Amsa nawa ke hannunka?

Saboda haka in za ku gwada makarantu ko garuruwa da lissafi, ku fara tambaya: wa ya koya wurin wa? In ba haka ba, za ku yanke wa wata makaranta hukunci da shaidar da ba ta kai ba. Allah ya sa mu gane.