Yadda Ake Auna Zurfin Ruwa da Haske

Yau maganar zurfin ruwa za mu yi.

Akwai na'urar da ake ɗora wa jirgin sama ko tauraron ɗan'adam, ta harba koren haske cikin ruwa. Wani hasken daga saman ruwan yake dawowa, wani kuma sai ya taɓo ƙasa tukuna. Tazarar lokacin da ke tsakaninsu ita ke nuna zurfin. Tauraron ICESat-2 da NASA ta harba a 2018 irin hasken da yake amfani da shi ke nan.

To amma fa sai ruwa ya yi garau. Duk wanda ya ga Gagare a Ƙauran Namoda, ko Bunsuru ta wajen Zurmi, ko fadamun Shinkafi a watan Agusta, ya san ruwan jawur yake. Laka ce zalla, hasken ba ya nisa yake ɓacewa.

Shi ya sa ni a ganina, mu rani ne lokacinmu. Kogi na ƙafewa, a tashi jirgi mara matuƙi ya ɗauki hoton yashin daga sama, a gano ramukan da masu ɗibar yashi suka bari, a kafa alama kafin ruwa ya rufe su. Ramukan nan su ke cinye mana yara wajen wanka. Kuma aikin duk shekara ne, don ambaliya kan sauya wa yashi wuri.