Jaririnki ya fito daga kwalba, yaushe za ki daina tuhumar kanki?

Ranar da aka sallame ku daga sashen kula da jarirai na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato, kin ɗauka wahala ta ƙare. Kuka kamo hanyar Illela, kika iso gida Tozai da ɗan bakwaininki a ƙirji, 'yan barka suka cika tsakar gida. Amma da dare ya yi, sai tambayar nan ta dawo: "Me na yi ya zo kafin lokacinsa?" Ki tuna daka, ki tuna ɗibar ruwa, ki tuna awon da ya wuce ki. Shi ma maigida yana can yana cewa da ma ya samo mota da wuri.

To, 'yar'uwa, tsaya ki ji. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2020 an haifi jarirai miliyan 13.4 kafin ciki ya cika mako 37, wato fiye da ɗaya cikin goma. Hawan jini, ciwon suga, wasu cututtuka da cikin tagwaye na iya jawo haka, amma sau da yawa ko likita ba ya gano dalili. Matan da ba su taɓa fashin awo ba ma suna haihuwar bakwaini. Idan kuma an yi jinkiri, ai ba ke kaɗai ke riƙe da kuɗin mota da izinin fita ba. Da-na-sani ƙeya ce. Amfaninta ɗaya, ki fara awo da wuri a ciki na gaba.

Inda wannan tuhuma ta fi cin rai shi ne wurin gwada yara. Ɗan maƙwabciya ya fara zama, naki shiru, sai gabanki ya faɗi. Likitocin yara suna da nasu lissafi: ana cire makonnin da jariri ya riga lokacinsa. Idan an haife shi a mako 32, ya zo da saurin mako 8, don haka ɗan wata shida a ƙirga shi ɗan wata huɗu. Haka ake yi har ya kai kamar shekara 2. Amma allurar rigakafi da ranar haihuwarsa ake lissafa ta, kada wani ya ce miki ya yi ƙanƙanta.

Ɗumin da kwalba ta ba shi kuwa, yanzu a jikinki yake. Ki manna shi a ƙirji fata da fata, ki ɗaure da zane, ki sa masa hula, musamman da hunturu. A Bogota ta ƙasar Kolombiya aka fara wannan dabara a 1978 saboda ƙarancin kwalabe, kuma uba ma zai iya yi. Nono zalla har wata shida, ba ruwa, ba jiƙo. Idan ya ƙi kama nono, ko jikinsa ya yi sanyi ko zafi, ko numfashinsa ya canza, ko idonsa ya yi ɗorawa, a tafi asibiti nan take.

In ya girma, kada tsoro ya sa ki hana shi wasa cikin 'yan'uwansa, ko ki kasa tsawata masa don "ya sha wuya". Tambayi likita abin da ya kamata a kiyaye, sauran ki bar shi ya yi ƙuruciyarsa.

Kai kuma maigida, ka tare mata masu habaici, ko da daga ɗakin Inna maganar ta fito. Idan ka ga ta wuce mako biyu tana kuka, ba barci, ba cin abinci, ka raka ta wurin ma'aikacin lafiya. Wannan ma ciwo ne, kuma yana da magani.