Bazara a lambunan Furfuri: Wa ke tunawa da mai noman rani?

Bahaushe ya kasa shekara gida huɗu: damina, kaka, hunturu da bazara. A makaranta an saba fassara mana lokacin da ke biyo bayan sanyi a ƙasashen Turai da kalmar bazara, alhali sunan kawai suka haɗa. A can, lokaci ne da ƙanƙara ke narkewa, itatuwa su yi toho, manomi ya fara shuka cikin nishaɗi. A nan kuwa, daga Maris zuwa Mayu, rana ce ke tsage ƙasa, zafi ya kai digiri 40 ko ya kusa, rijiyoyi su ja baya. A matsayina na ɗalibin harshe, ina ganin wannan kuskuren fassara bai tsaya a aji ba. Ya bi masu tsara manufofin noma har ofisoshinsu, domin sau da yawa lissafinsu kan tsallake waɗannan watanni, daga girbin rani sai rabon takin damina.

Mu ɗauki Furfuri, a Ƙaramar Hukumar Bunguɗu, ba nisa da Gusau. Gulbin Sakkwato ya ratsa wannan yanki, kuma da shi da fadamunsa ne masu lambu ke rayuwa. Aikinsu kan fara da zarar an kawar da amfanin damina: a yaye iri, a ja fangali, a yi dashen tumatir da albasa da tattasai da attarugu, sanyin hunturu ya rene su. Da bazara ta kama sai al'amari ya juya. Gulbin da ke cika ya batse a Agusta kan koma yashi, sai an haƙa rami a tsakiyarsa kafin a tarar da ruwa. Ban-ruwan da ake yi bayan 'yan kwanaki ya koma kusan kullum, kuma da asuba ko da yamma liƙis, don na tsakar rana asara ce. Furen tumatir ba ya jure tsananin zafi, zubewa yake yi. Saboda haka mai dabara kan koma ga kuɓewa da alayyafo da kankana da masara, waɗanda ke iya wa rana. A daidai wannan lokaci ne kuma gonar tudu ke jiran shara da kai taki kafin ruwan shuka ya sauka a ƙarshen Mayu ko cikin Yuni. Mutum ɗaya, aiki biyu, ga rumbu ya fara yin ƙasa.

Abin da ya fi ciwo shi ne kasuwa. Tsakanin Janairu da Maris kowa na tsinka a lokaci guda, kwanduna su cika tasha, dillali ya yanka farashin da ya ga dama, tunda ya san tumatir ba ya kwana uku yana jiran ciniki. Bayan wata biyu ko uku sai kayan miya su yi tashin gwauron zabo daga Gusau har kasuwar Mile 12 ta Legas, amma a lokacin hannun manomi wayam. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Abin da ya rage masa shi ne dabarun da ya gada: ya yanka tumatir ya shanya a ƙasa ya zama kauɗa, ya jibge albasa a rudu yana addu'ar kada ta ruɓe.

A da, da jigo ake ban-ruwa, ƙarfin damtse ne jarin. Shirin Fadama da Bankin Duniya ya tallafa wa tun farkon shekarun 1990 ya yaɗa ƙananan injinan ban-ruwa da rijiyoyin bututu, lambuna suka faɗaɗa, kuma babu mai musun alherin hakan. Sai dai ya ɗaure mai lambu da igiyar man fetur. An ga illar haka a Satumban 2021, lokacin da gwamnatin Zamfara, don matsa wa 'yan bindiga, ta rufe kasuwannin mako-mako ta kuma hana sayar da mai a jarka. Ba a kai inji gidan mai daga bakin gulbi, da jarka ake kai masa. An sake gani bayan cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023, inda farashin lita ya ninka har sau uku cikin 'yan kwanaki. Kafin waɗannan, a 2016, tsutsar nan da manoma ke kira sharon ta cinye gonakin tumatir a Kano da Kaduna da Katsina da maƙwabtansu, kuma zafi ne ke ƙara mata ƙarfi.

Ga kuma matsalar tsaro. A sassan Tsafe da Bunguɗu, kamar sauran yankunan jihar, an sha sace manoma a gona ko a ɗora wa ƙauyuka haraji kafin a bar su su yi aiki. Lambu kuwa ba kamar gero ba ne da za a yi masa mako guda ba a leƙa ba. Kwana uku babu ruwa a watan Afrilu, aikin wata huɗu ya tafi.

Harshenmu yana da kalmomi biyu da suka ishi mai hankali ishara: noman rani da cin rani. Saurayin da lambu bai riƙe ba, hanya ce za ta ɗauke shi, ya tafi Abuja ko Legas ga-ruwa ko acaba, ko ramin haƙar zinari, ko kuma, Allah Ya kiyaye, ya faɗa hannun waɗanda ke daji. Don haka duk wanda ke maganar tsaro a Zamfara bai gama magana ba sai ya taɓo bakin fadama.

Ba sai an gina wata madatsa irin ta Bakalori ba, wadda aka kammala a 1978, kuma har yau ba a manta da jinin manoman da aka zubar a kanta a 1980 ba. Buƙatun ƙanana ne. Ranar da ke ƙona lambu ita ce za ta iya juya injin ban-ruwa mai aiki da hasken rana, in an bayar da shi bashi ga ƙungiyoyin manoma, a kuma tsara biya ya faɗo bayan ciniki. A samar da wuraren shanya masu tsafta da rumbunan albasa masu shan iska. A sa sintiri a hanyoyin fadama a lokutan ban-ruwa. Jami'ar Tarayya ta Gusau, da aka kafa a 2013, da Kwalejin Noma ta Bakura su gwada irin da ke jure zafi, su kuma kai sakamakon ga manomi da Hausar da yake ji.

Jihar da aka kafa a 1996, wadda ke kirari da cewa noma ne abin alfaharinta, ya kamata a ga alamar hakan a kasafin kuɗinta na watannin bazara. Mu kuma da ke cin miya a Gusau da Kaduna da Abuja, hakki ne a kanmu mu tambayi wakilanmu abin da suka tanadar wa masu lambun Furfuri. Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya dawo mana da zaman lafiya.